Man da Ya Makantar da Na'ura

Balassia, hasken gidana, garwashin da ban taɓa iskewa a mace ba, tsuntsuwar da ke riga sauran dawowa tun kafin su yarda hunturu ya wuce, ke da sunanki ke ɗumama mini baki ko a ranar da numfashi ke daskarewa a gemu,

Wata bakwai ke nan rabona da gida. Ranar da ƙaramin jirgi ya tashi da ni, ƙanƙara ta fara kama gefen kogi, siririya kamar ɓawon albasa. Kina tsaye a bakin filin jirgi, hannuwanki cikin aljihu. Ba ki ɗaga mini hannu ba, ba ki yi kuka ba, kin dai cusa mini ƙunshin busasshen kifi a jaka kin ce kada in bari ya jiƙe. Yanzu 'yarmu Exenia ta ce ƙanƙarar ta yi baƙi-baƙi, ta fara gurnani, yau ko gobe za ta fashe, agwagin daji ma sun dawo fadama. Ni kuwa ina nan birnin Seattle, a ɗaki mai lamba a ƙofa, ina kallon ruwan saman da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa.

Na ɗauki alƙalami ne saboda a waya kin guje ni. In na kira sai ki ce lafiya lau, ki ce an yi sanyi ko sanyi ya sassauta, sai ki miƙa wa Exenia. Tun kafin bikin Ista ba ki tambaye ni ko na ci abinci ba. Kin san abin da wannan yake a wurina? Tun muna sabon aure ba ki taɓa ce mini kina sona ba, ban kuma taɓa zaman jira ba, don ba haka aka rene mu ba. Abin da kike cewa shi ne, "Ka ci abinci?" In na dawo daga duba raga, shi kike faɗa. Ranar da muka binne mahaifina, shi kika faɗa. Lokacin da muka yi faɗan nan mai muni a kan injin kwalekwale, kika share ni kamar ba na gidan, da kika huce sai kika dire kwano a gabana kika yi tambayar nan kina kallon bango. Yanzu tambayar ta ɗauke. Kin yi shiru irin na kogi a ƙarƙashin ƙanƙara, ni kuma ina tsaye a kai, na kasa kunne, ina jiran in ji ko ruwa na gudu.

Ya ke mai hannun da bai san hutu ba, ya ke ƙamshin hayaƙin ɗakin banda da ba ya barin riga ko an wanke ta sau nawa, ya ke iskar da ke kore sauro daga bakin ruwa da yamma, wa ya ce miki ke kika cuce ni? Wane kogi ne ya taɓa neman gafarar kifi don ya ba shi ruwa? Na lura labarin ya iso miki a karkace, don haka bari in ba ki shi tun daga kai, yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Kin fi kowa sanin yadda ciwon ya fara. Jajayen tabo a ƙugu da bayan cinya, busassu kamar ɓawon kifi, da ƙaiƙayin da ke sa mutum ya so ya tuɓe fatarsa ya rataye a ƙusa. Shekara da shekaru ana ce mini ƙyasbi ne, ko sabulu ne, ko sanyi, ko na cika wanka, ko ba na wanka yadda ya kamata. Duk likitan da jirgi ya sauke sai ya ba ni wani man shafawa ya koma jirginsa. Har yau in na tuna shekarun nan raina na ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma in za a yi adalci, ciwon ne munafuki. Rigar wasu cututtuka yake sawa, sai da aka yanki fatata sau da yawa kafin ya yarda ya faɗi sunansa. Suka ce sankara ce, ta fararen ƙwayoyin jini waɗanda suka bar hanyarsu suka zo suka tare a fata. Suka ce mun yi sa'a, tana matakin farko, ba ta shiga ciki ba. Sa'a. Na daɗe ina juya kalmar nan a baki ban ji zaƙinta ba.

Kin tuna ranar sirace? Maza sun taru a ɗakin siracen ƙaninki Zackar kamar kullum, na tuɓe riga, sai hira ta mutu. Wani ya ja tsummansa gefe. Washegari da aka hura wuta ba a aiko kirana ba, jibi ma haka. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa na da 'ya'ya a gida, kuma a lokacin ba wanda ya san ba a ɗaukar abin. Amma namijin da aka daina kira sirace a ƙauyenmu, an cire shi ne daga cikin maza. Ke kika gan ni zaune ina ɗinkin ragar da ba ta yage ba. Kika ɗauki gatari kika faskara itace, kika hura wutar tsohon ɗakin siracen mahaifiyarki da rana tsaka, a idon kowa, kika zo kika tsaya a kaina kika ce, "Tashi, tsoho, duwatsu sun yi ja. Ko sai na goya ka?" Kika shiga tare da ni. Kika zuba ruwa a kan duwatsu har na ji kunnena zai narke. Kika cuɗa mini baya da tafin hannunki, daidai inda maza suka kau da kai, kina mita wai bayana ya fi allon yankan kifi faɗi da wuyar wankewa. Da muka fito muka zauna a ƙofa, tururi na tashi daga jikinmu cikin sanyi, kika miƙo mini busasshen kifi da ɗan kwanon mai. Ban taɓa cin abin da ya kai wannan daɗi ba, Balassia, ban kuma taɓa gaya miki ba. Macen da ta yi wannan, ita ce yau ke zaune tana ganin ta cuce ni?

Man shafawa ya gaza. Akwatin hasken da suka riƙa tsayar da ni a ciki ya ƙona ni bai kashe ƙaiƙayin ba. Shi ne suka kawo ni wurin wannan na'ura, wadda ban taɓa kwatanta miki da kyau ba. Kwana biyu a jere, duk bayan mako biyu, nakan zauna a wata kujera mai kishingiɗa, a soka mini allura mai kauri a hannu. Jinina ya bi tiyo ya shiga cikinta, ta juya shi da gudu har ya rabu: ja a ƙasa, ruwan jini mai launin shayi a sama, a tsakani kuma wani siririn farin zare. Farin nan take nema. Ta kwashe shi a jaka, a ɗiga masa wani magani mai sa shi jin haske, a shimfiɗa shi ƙarƙashin fitilu masu haske irin na rana, sannan a mayar mini da shi jiki. Likita ta ce ƙwayoyin da haske ya taɓa su ne ke komawa su nuna wa jiki maƙiyinsa. Ni dai abin da na gani shi ne ana shanya jinina yadda kike shanya kifi, sai dai ke ba kya neman wutar lantarki. In an gama, yini da kwana sai da baƙin tabarau, in rufe jiki ruf, in guji taga. Ni da na ƙare rayuwata a kan ruwa, ƙarƙashin ranar bazarar da ba ta son faɗuwa, yau ni ne ke ɓuya daga ranar Seattle, wadda a gida ko sunan rana ba za a ba ta ba.

Kin san ban so zaman nan ba. Jirgi uku ne tsakanin ƙofarmu da kujerar nan, hazo ɗaya a ƙauye ya isa ya cinye mini layina, ya kuwa cinye har suka gaji suka ce in zauna kusa. Suka ba ni ɗaki a gidan saukar marasa lafiya, inda kowa ke rubuta sunansa a jikin abincinsa kafin ya sa a firji, kamar ana zaune da ɓarayi. Abincinsu ba shi da laifi, na faɗi gaskiya, akwai tsabta, akwai yawa. Amma ina ci ina tashi kamar na tauna takarda. Wandona ya fara zamewa. Na huda wa ɗamarata sabon rami da ƙusa.

Sai ƙunshinki ya iso. Na gane shi tun daga nesa, don ba mai ɗaure kwali da igiyar raga sai ke. Ga silin busasshen kifi jajaye masu sheƙi, ga kwalba kin naɗe ta da tsohuwar safata, kin sa ta a leda, kin sa ledar a wata leda. Man sil ne, dabbar ruwan nan mai kitse, wadda Zackar ya harbo a bakin teku. Na san yadda kika yi shi kamar ina wurin: kin yayyanka kitsen siri-siri, kin zuba a bokiti kin rufe, kin ajiye a sanyi kina leƙawa kina juyawa har ya narke don kansa, garai kamar hawaye. Da na buɗe murfin, ɗakin nan mai lamba ya ɓace. Na ji ƙarar murhunmu. Na ji tarinki na safe. Wani tsoho ɗan jihar Idaho da ke ɗakin kusa da ni, Merle, ya leƙo yana toshe hanci ya ce, "Maƙwabci, in za ka sake buɗe abin nan ka riƙa buga ƙararrawar gobara tukuna, mu samu mu fita." Na ce ya zo ya ɗanɗana. Ya ce yana da ciwo ɗaya, ya ishe shi.

To ga inda kuskuren yake, ki karanta a hankali. Nas ɗin da ke kula da na'urar, Corazon, 'yar asalin Filifin ce, ƙarama, mai bakin tsiya da hannu mai taushi. Tun ranar farko ta ja mini kunne cewa ban da maiƙo a daren da zan wayi gari in zo, da kuma safiyar. Ta lissafa mini da yatsu: soyayyen dankali, cuku, man shanu, naman gwangwani, soyayyen ƙwai. Na ce to, na kuma kiyaye kamar dokar coci. Ba ta ambaci man sil ba, don ina za ta san shi? Ni ma ban tambaya ba, don wa ke kiran man sil maiƙo? Maiƙo shi ne abin da ake sayarwa a kanti yana jiƙa takarda. Namu abinci ne, magani ne, shi ake lasa wa jariri, shi ake ba tsoho in ya ƙi komai, shi ne gishirinmu. Ko mahaifiyarki aka tayar aka ce ta lissafa maiƙo, ba za ta sa shi a ciki ba. Na ci da yamma har na lashe yatsu, na ƙara da safe, na tafi asibiti ina jin ƙarfi irin wanda na manta da shi.

Ba a jima da jona ni ba na'urar ta fara kuka. Corazon ta danna nan ta danna can, ta sake kuka. Ta sunkuya ta dubi tiyo, ta ɗago ta dube ni ta saman tabaranta.

Ta ce, "Baba Ilarion, me ka ci?"

Na ce, "Abinci."

"Kada ka yi mini wayon tsofaffi. Dubi nan. Wannan ruwan jini ne ko madara?"

Na duba. Abin da ya saba fitowa kamar shayi ya fito fari, mai kauri, kamar ruwan kogi lokacin narkewar ƙanƙara. Na ce, "Ban taɓa maiƙo ba, 'yata. Busasshen kifi ne kawai, da man gida."

"Man me?"

Da na faɗa mata, ta dafe kai ta zauna a kujerar kusa. Ta ce na'urar na da wani ido da take neman farin zaren nan da shi, in ruwan jinin duk ya yi fari sai ta makance, ta rasa inda za ta ɗiba. Ta mayar mini da jinina, ta cire allura, ta ce in dawo mako mai zuwa da jini irin na mutane.

Shi ke nan, Balassia. Iyakar abin da ya faru ke nan. Safiya ɗaya aka rasa, aka rama ta a mako na gaba. Ba abin da ya lalace a jikina, ba abin da ya lalace a na'urar. Da na koma, na tafi mata da kwalbar don ta ga mai laifin da idonta. Ta sansana, ta ja baya, ta ce wannan ko jirgin sama aka zuba wa zai tashi. Sannan ta ce, "Rabin laifin nawa ne. Da kakata aka ce wa ta bar maiƙo, da ta bar nama ta ci gaba da madarar kwakwa, ta kuma rantse ta kiyaye." Tun daga ranar, duk wanda ya zo mata daga wajenmu sai ta tambaye shi a me yake tsoma kifinsa. Na daɗe ina jin haushin mutanen asibiti da ke magana da mu kamar duk duniya abinci ɗaya take ci, amma wannan yarinya ta karɓi nata rabon ba a roƙe ta ba, dole in faɗa.

Na ba Zackar labarin a waya don mu yi dariya irin ta maza. Na manta bakin ƙaninki ba shi da murfi, kuma rediyon oba-oba na kan teburinsa kamar na kowane gida a ƙauye. Exenia ta maimaita mini abin da ya faɗa, kalma da kalma: "Sanarwa, sanarwa. Duk mai injin da ya gaji da shi, ya nemi man Balassia. Ya kashe na'urar Turawa a Seattle, saura ƙiris ya haɗa da mijinta." Ta ce gari duka ya yi dariya, wasu suka danna nasu suna ƙara gishiri. Ta ce kina ɗinki a lokacin, kika ajiye allura, kika tashi kika kashe rediyon, kika koma kika zauna ba ki sake ɗaukar allurar ba. Daga baki zuwa baki kuma, kafin Lahadi, labari ya zama wai magani ya ɓaci, wai ciwon ya shige ciki, wai likitoci sun cire rai. Da Zackar na kusa ranar da na ji, da na jefa shi kogi da takalmansa. Amma shi ne ya cika mana firji da nama duk hunturun nan, shi ke sara mana itace, shi ya gyara rufin da iska ta yaye, bai karɓi ko kofin shayi a bakin lada ba. Wasa ya yi irin na suruki, wasan da ya saba yi mini tun ranar ɗaurin aurenmu. Bai san inda zai faɗa ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne sauran abin da Exenia ta faɗa. Ta ce kin hana Zackar ya sake kawo miki sil. Ta ce kin naɗe wuƙarki mai siffar jinjirin wata a tsumma kin ɗora ta a saman kabad, wuƙar da mahaifiyarki ta bar miki, wadda ko ni ba kya bari in taɓa. Ta ce bana ba za ki je zangon kifi ba, kuma da ta matsa miki, kin ce, "Wa zan yanka wa? Ko so kike in ƙarasa shi?"

Na karanta takardar likita mai sunan ciwona ban yi hawaye ba. Wannan maganar kuwa, sai da na zauna a bakin gado.

Ya ke ranata ta tsakar bazara, ke da nake ɓuya daga kowace rana ban da ke, kin san abin da zai faru da zangon in aka bar shi shekara guda. Kogi zai ci gaɓar, ciyayi su rufe hanya, beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ta ɓalle ƙofar ɗakin banda, sandunan shanya da mahaifinki ya kafa su ruɓe su faɗi. A nan na fara ganinki, kina yarinya mai kitso biyu, hannunki jajir har gwiwa, kina yanka kifi ba kya kallon wuƙa. A nan na yi ƙoƙarin burge mahaifiyarki na yanka ɗaya, ta ɗaga shi sama ta ce ko kare sai an ba shi haƙuri kafin ya ci wannan. Kowa ya yi dariya, ke kaɗai ba ki yi ba, kika turo mini kwanon mai da ƙafa kina kallon wani wuri. Amma ba don sanduna da katako nake roƙonki ba. A ƙauyenmu mata iri biyu ne ke daina yankan kifi: wadda hannunta ya mutu, da wadda mijinta ya mutu. Hannunki lafiyarsa ƙalau. Ni kuma ga ni ina rubutu. In kika zauna gida bana, kin yi mini takaba ina raye, kuma wannan ya fi ƙarfina. Zan iya da allura, zan iya da ƙaiƙayi, zan iya da tabarau da abincin takarda. Wannan ba zan iya ba.

Ga abin da likita ta ce, ba abin da oba-oba ya ce ba. Dakta Halvorsen ta ɗauki hoton bayana ta jera shi da na ranar da na zo. Tabon da kika cuɗa a ɗakin sirace yawancinsu sun dushe, sun koma inuwa mai ruwan ƙasa kamar wurin da aka taɓa hura wuta. Na cinya na nan, masu taurin kai ne irin na danginku. Ƙaiƙayin ya sassauta har ina barci ba tare da na yaga zanen gado ba. Ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa ciwon nan ba a kore shi gaba ɗaya, zama ake koya da shi, a danne shi ya kwanta. Na fi son mai faɗa mini haka da masu man shafawa. Ta ce in abin ya ci gaba yadda yake, zuwa kaka za a mayar da ni sau ɗaya a wata, in koma gida in riƙa zuwa ina dawowa, ko hazo ya riƙe ni kwana kaɗan ba zai yi ɓarna ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba zan iso lokacin kifi ba. Bana ba ni zan saka raga ba, kuma wannan na ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma hunturu mai zuwa a teburinki zan ci shi, in Allah ya yarda. To me zan ci in ba ki yanka ba?

Kuma ki sani, man nan da kike tsoro shi ya riƙe ni. Ni da Corazon mun yi yarjejeniya: in ranar na'ura ta gabato sai in rufe kwalba, in an gama zama na biyu sai in buɗe. Ranar da na fi ƙin haske, ina zaune da baƙin tabarau a ɗaki mai labule, ita ce ranar da nake cin abincinki. Tun da na fara haka ɗamarata ta koma tsohon raminta, jijiyata ta daina gudun allura. Corazon ta ce ko me matar nan ke zubawa a kwalba, kada ta daina, ta dai bar mata kwanakinta. Merle ma, mai toshe hanci, na kama shi ya tsoma ɗan biredi. Ya ce don ilimi ya yi.

Saboda haka ina roƙonki, ke da ban taɓa roƙon komai a wurinki ba sai aure. Ki sauko da wuƙar nan daga saman kabad. Ki wasa ta a dutsen da kika saba, da sautin nan da ke tashe ni da safe. In ƙanƙara ta wuce, ki sa Zackar ya tura kwalekwale, ki zage shi iya son ranki a hanya, ya cancanta, amma ki bar shi ya saka raga a 'yan kwanakin da hukuma za ta buɗe kogi don kamun kifi. Ki yanka rabonki, ki yanka na Exenia, ki yanka nawa cikakke, kada ki rage ko sili ɗaya. Ki ajiye mini wajen ciki mai kitse, wanda kike cewa na tsofaffi ne marasa haƙori. In ya kawo sil, ki karɓa. In na kira kuma, kada ki ba ni labarin sanyi. Ki yi mini tambayata.

Ni naki ne, Balassia, tun ranar da kika turo kwano da ƙafa. Jinina ya fita daga jikina ya zaga cikin ƙarfe da tiyo ya sha hasken da ba na Allah ba ya dawo, sau da yawa har na daina lissafi, amma duk dawowar da ya yi da sunanki yake dawowa. Na'urarsu ta iya raba ja da fari, ba ta iya raba ni da ke ba. Ko kogi ya canja hanya, ko zangon ya nutse, ko fatar nan ta ƙare tas, abin da ya rage a cikinta naki ne, har ranar da za a kafa mini gicciye kusa da na mahaifina, bayanta ma in an bar ni.

Mijinki, wanda bayansa ya fi allon yankan kifi wuyar wankewa,

Ilarion

Ga abin da na iya ajiyewa daga ƙunshinki. Silin kifi huɗu da rabi. Igiyar ragar da kika ɗaure kwalin da ita. Safa ɗaya. Kwalba ɗaya a firji da sunana a jiki, man da ke cikinta bai kai yatsa uku ba. In na tsaya a cokali ɗaya a rana, zai kai ni ranar da babban kifin nan da muke kira sarkin kifi zai shigo kogi. Bayan nan babu.